Injin da ba ya rayuwa a tudu: yadda injin bayan jirgin ruwa yake aiki

Bara, da kaka, wani ɗan uwana mai sana'ar kifi ya sayo injin jirgin ruwa na hannu daga Yawuri, da niyyar ya rataya wa wani jirgin katako da yake da shi a dam. Kafin ya kai shi ruwa sai ya biya da shi garejin wani bakanike a nan Daura, mutumin da kowa ya yarda da hannunsa a kan janareta da injin ban ruwa. Ina wurin. Suka ɗaure injin a jikin benci, aka haɗa masa mai, aka ja igiya sau uku ya tashi. Yaran gareji suka yi ta murna, maigidansu yana murɗa totur yana sauraron ƙara, yana cewa lafiyarsa lau. Ba a daɗe ba muka fara jin ƙaurin roba. Aka kashe, aka duba sama da ƙasa, ba a ga abin da ya ƙone ba. Ashe ɓarnar tana can ciki, a ƙafar injin, inda wata 'yar fanka ta roba da ba ta fi tafin hannun yaro ba ta riga ta narke.

Ban ga laifin bakaniken ba. Mu mutanen tudu ne. Kogunanmu na Katsina da Daura suna gudu da damina, da rani kuwa yashi ne ake haƙa a ɗebi ruwa. Injinan da muka tashi muka sani, babur da janareta da injin markaɗe da na ban ruwa, iska ce ke sanyaya su, don haka a ko'ina aka tayar da su za su yi aiki. Injin jirgi kuwa ruwan da yake tafiya a kai shi ne abin shansa, shi ne kuma abin da yake turawa. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta yi masa fassarar babur, kuma kusan duk kuskuren da ake yi da shi daga nan yake tasowa.

Ga shi kuma ruwa ya zo mana har gida. Madatsar Zobe kusa da Dutsinma, wadda aka kammala a 1983, da ta Jibiya, da Ajiwa, da Mairuwa a wajen Funtuwa, da Sabke da Daberam a ƙasar Daura, duk sun haifar da masunta da masu fito a inda kakanninmu ba su san jirgi ba. Yawancinsu har yanzu filafili da gora suke tuƙi da su. Amma duk wanda ya je Yawuri ko Baga ko Lakwaja ya ga yadda inji ya sauya sana'ar ruwa, yakan dawo da sha'awa. Sha'awar ba laifi ba ce. Abin da nake so shi ne ta zo tare da sanin abin da ake saya.

Ana kiransa injin bayan jirgi ne saboda ba a cikin jirgin yake zaune ba. Rataya shi ake yi a katakon ƙarshe na baya, a ɗaure da kusoshi biyu masu murɗawa da hannu, in an gama aiki a kwance shi a kai gida. Inji da giya da farfela da sitiyari duk suna jiki ɗaya. Wannan dabara ta daɗe. Wani Bafaranshe, Gustave Trouvé, ya gwada irinsa mai aiki da batir a kogin da ya ratsa birnin Faris a 1881. Wanda ya mayar da shi hajar kasuwa shi ne Ole Evinrude, haifaffen Norwe da ya tashi a Amurka, wanda ya fara ƙera nasa a Milwaukee a 1909, ɗan ƙarami mai ƙarfin doki ɗaya da rabi. Kamfanonin Japan sun shigo daga baya, Yamaha a 1960, Honda a 1964, amma yau su suka cika kogunan Afirka, musamman samfurin Yamaha da ake kira Enduro, mai doki 15 da mai doki 40.

In ka tsayar da shi a gabanka za ka ga kashi uku. Akwai kai, wato abin da ke ƙarƙashin murfi, inda fistin da fulogi da kafireta suke. Akwai wuya mai tsawo wanda ya sauka daga kan zuwa ruwa. Sai ƙafa, wadda ke nutse, mai ɗauke da giya da farfela. Abin da ya bambanta kan da na babur shi ne a tsaye aka kafa shi: sandar da fistin ke juyawa tana kallon ƙasa ne, ba gefe ba. Shi ya sa igiyar tayarwa take a can ƙoli, a naɗe a jikin faifan ƙarfe mai nauyi. A cikin faifan nan akwai maganaɗisu, yana juyawa yana haifar da wutar da fulogi ke tartsatsi da ita, saboda haka ƙananan injinan ba sa buƙatar batir ko kaɗan.

A kan wannan kai ne mai saye zai fara yanke shawara, domin iri biyu ne. Akwai mai bugu biyu, akwai mai bugu huɗu. Kowane inji mai fistin ayyuka huɗu yake yi: ya shaƙi iska da mai, ya matse su, wuta ta tashi ta tura fistin, sannan ya fitar da hayaƙi. Mai bugu huɗu yana ba kowane aiki tafiyar fistin guda, sai sanda ta juya sau biyu kafin wuta ta tashi sau ɗaya. Yana da bawul, yana da ma'ajiyar baƙin mai, kamar injin ban ruwa ko baburan haya na yanzu. Mai bugu biyu kuwa yana cusa ayyukan huɗu a hawa ɗaya da sauka ɗaya, wuta na tashi a kowane juyi. Ba shi da irin wannan bawul, ramuka ne a jikin silinda waɗanda fistin da kansa ke buɗewa yana rufewa. Kuma ba shi da inda baƙin mai zai kwanta, tunda ta cikin cikinsa fetur da iska ke bi kafin su hau sama. Dole a gauraya man inji da fetur tun a tanki.

Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin janaretan nan da ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur ya san wannan. Sai dai a janareta muna yi da ka, a tsiyaya a murfin gora a ce ya isa. Injin jirgi ba ya yafe wannan. Ma'aunin da aka fi rubutawa ga irin waɗannan injina shi ne kashi 50 na fetur, kashi 1 na mai, wato tanki mai lita 25 zai sha rabin lita. Sabon inji a sa'o'insa na farko akan ninka masa. In man ya yi kaɗan, fistin zai goge da silinda har ya kama, a tsakiyar ruwa. In ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, inji ya riƙa tari. Kuma akwai man da aka yi musamman don injin ruwa mai bugu biyu, wanda ke ƙonewa ba ya barin toka da yawa. Baƙin man mota da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba madadinsa ba ne, ko da inji ya tashi da shi yau.

To me ya sa masu jirgi a kogunanmu suka fi son mai bugu biyu, alhali ya fi shan mai? Saboda ya fi sauƙin nauyi, kayan cikinsa kaɗan ne, bakaniken ƙauye zai iya warware shi a kan buhu ya mayar, ana iya kwantar da shi a ƙasa ba tare da mai ya malale cikin silinda ba, kuma kayan gyaransa sun cika kasuwa. Waɗannan dalilai ne masu ƙarfi. Amma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 lissafin ya fara karkata. Inji mai doki 40 mai bugu biyu, in aka buɗe masa totur gaba ɗaya, yakan sha wajen lita 20 a awa guda. Wani kaso na man nan ma ba ƙonewa yake yi ba. Da yake ramin shiga da na fita suna buɗe a lokaci ɗaya na ɗan ƙiftawar ido, sabon mai yakan bi hayaƙi ya fice ɗanye, wani lokaci har kusan rubu'in abin da aka zuba. Zan dawo kan inda wannan man yake zuwa.

Daga kai, doguwar sandar ƙarfe ta bi ta cikin wuya ta sauka ƙafa. A nan ake karya juyin, daga na tsaye ya koma na kwance, ta hanyar haƙoran giya masu siffar mazurari. Ƙaramin giya ɗaya yana ƙarshen sandar, yana cizon manya biyu, ɗaya a gabansa ɗaya a bayansa. Muddin inji na aiki, manyan nan biyu suna ta juyawa, wannan dama wancan hagu, amma ba ɗayansu da ke manne da sandar farfela. A tsakaninsu akwai wani zoben ƙarfe mai haƙora ta fuska biyu, shi ne yake manne da ita. In ka tura hannun giya gaba, zoben ya matsa ya cafki ɗaya, farfela ta juya, jirgi ya yi gaba. In ka ja baya ya cafki ɗayan. In yana tsakiya, inji na kuka farfela na tsaye. Ke nan babu kuloci irin na mota da ke haɗawa a hankali. Ƙarfe ne ke faɗa wa ƙarfe. Shi ya sa ake sa giya sai totur yana ƙasa, kuma a sa shi da sauri, karaf ɗaya. Mai lallaɓawa a hankali don tausayin inji, shi ne ke jin ƙarar gurzawa, kuma shi ke cinye haƙoran.

Giyar tana rage gudun juyi da kusan rabi. In kai yana juyi 5,000 a minti, farfela na yin wajen 2,500. Babu giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Abin da ke tsaya wa jirgi a matsayin canjin giya shi ne ita farfelar kanta, kuma a nan ne na ga mutane da yawa suna asarar kuɗi ba su sani ba.

Farfela kamar kusa mai zare take, wadda ake murɗawa cikin katako. Fukafukanta a karkace suke, suna kamo ruwa suna jefa shi baya, jirgi kuma ya tafi gaba. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa farfelar da ba ta fi faranti ba take iya tura jirgi cike da buhunan hatsi. Kowace farfela akwai lamba biyu a jikinta: faɗinta, da kuma tazarar da za ta ci a juyi ɗaya da a ce cikin abu mai tauri take shiga, ana auna su da inci. Mai babbar tazara kamar giya ta sama ce, ta dace da jirgi marar nauyi mai son gudu. Mai ƙaramar tazara kamar giya ta ɗaya ce, ta jan kaya. In ka sa mai babbar tazara a jirgin katako mai ɗaukar mutum da dabba da itace, ka zama direban da ke hawan tudu da lodi a giya ta huɗu: inji na nishi, mai na ƙonewa, zafi na taruwa, gudun kuma babu. Kamfani yakan rubuta iyakar juyin da inji ya kamata ya kai in an buɗe totur, ga irin waɗannan tsakanin 4,500 da 5,500. Farfelar da ta bar inji ya kai nan da irin lodin da ka saba ɗauka, ita ce taka. Wanda ya sayi injin hannu ya gaji farfelar da ta dace da jirgin wani ne.

Tsawon wuya ma haka. Akwai gajere, wajen inci 15, akwai dogo, wajen inci 20. Saman farfela akwai wani faffaɗan ƙarfe kamar laima, wanda ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi ko ya ɗan nutse kaɗan. In ya yi sama da yawa, farfela za ta zuƙo iska daga saman ruwa, ka ji inji ya yi kururuwa jirgi kuma ya saki, kamar tayar mota a laka. In ya nutse da yawa, ja yake ƙarawa, kuma shi zai fara cin karo da ƙasa.

Yanzu mu koma ga 'yar fankar da ta narke a garejin Daura. Injin jirgi ba shi da lagireto. A jikin ƙafarsa akwai 'yan ramuka masu raga inda ruwan kogi ke shiga. Sama da giya kaɗan, a jikin doguwar sandar nan, an zura fanka ta roba mai fukafukai masu lanƙwasa, a matse cikin kofin ƙarfe. Sanda na juyawa, fukafukan na tura ruwa ta bututu zuwa kai, ya zagaye silinda ya kwashe zafi, ya sauko ya fita tare da hayaƙi. Ruwan nan da take turawa shi ne kuma yake sa ta santsi. In babu shi, roba ce busasshiya ke gogar ƙarfe sau dubbai a minti, kuma ba ta buƙatar minti guda kafin ta lalace. Wanda zai gwada inji a tudu sai ya tsoma ƙafar a durom cike da ruwa har ya rufe ramukan.

Masu ƙera injin sun bar wa matuƙi shaida guda. A gefen kai akwai ɗan rami da ke tsarto siririn ruwa muddin fankar na aiki. Matuƙin kirki yana tayar da inji idonsa na kan wannan tsartuwa, kuma yana tafiya yana waiwayarta. In ta tsaya, a kashe nan take. Sau da yawa ba wani babban abu ba ne, leda ce ta manne a ramukan shiga, ko zanzaro ya yi gini a ramin fita lokacin da inji ke jingine a zaure. Amma in aka yi biris, zafi zai lanƙwasa kan silinda, gyaran dubu kaɗan ya koma na dubu ɗaruruwa.

A nan ne ruwanmu na Katsina yake da nasa hali. Dam-dam ɗinmu ruwan damina ne ke cika su, yana zuwa da yashi da laka daga gonaki. Da bazara ruwa ya ja baya, gefe ya zama taɓo mai nisa. Injin da aka tayar a ruwa marar zurfi yashi yake zuƙa, yashin kuma ya riƙa cin fankar da kofinta kamar magogi. Gara a tura jirgi da gora har ruwa ya kai zurfi kafin a saukar da inji, a kuma ɗage shi kafin a iso gaɓa. Sannan dam ba kogi ba ne da ya share hanyarsa tun fil azal. Gonaki ne da daji ruwa ya rufe, kututturan itatuwa suna nan tsaye a ƙasa. An yi injin yadda in ƙafarsa ta bugi abu yana tafiya gaba zai ɗaga sama ya tsallake, muddin ba a kulle shi ba. An kuma sa wa farfela abin fansa: a ƙananan injina wani ɗan ƙarfe mai saurin karyewa, a manya kuma roba a cikin cibiyarta, don in ta daki kututture shi ya karye ko ta sulɓe, giya ta tsira. Wanda ɗan ƙarfen nan ya karye masa ya maye gurbinsa da ƙusa mai tauri, karo na gaba haƙoran giya ne za su biya.

Akwai kuma maƙiyin da masunta da kansu ke shukawa: zaren kalli da na mamari da aka yar a ruwa. Zaren roba yana naɗewa a bayan farfela, ya shige ya yanka robar da ke hana ruwa shiga ma'ajiyar man giya. Ba a gani, ba a ji. Sai ranar da aka kwance kusar man aka ga ya fito fari kamar kunun gyaɗa, alamar ruwa ya shiga. Cire farfela lokaci-lokaci a duba bayanta aikin minti goma ne.

Tuƙinsa ma sai an sake koyo. Ba shi da birki. In ka saki totur jirgi zai ci gaba da sulalawa, nauyinsa na tura shi, abin da kawai zai tsayar da shi da wuri shi ne giyar baya. Ba shi da wani sitiyari dabam, injin gaba ɗaya ake karkatawa da hannun tuƙi, farfela ta tura gindin jirgi gefe. Ka tura hannu hagu, jirgi ya yi dama. Gindi ne ke fita, ba goshi ne ke shiga ba kamar a mota, don haka mai kauce wa abu a ƙurarren wuri yakan tsallake shi da goshi ya buge shi da baya. Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne in ka kashe totur saboda tsoro, ka kashe tuƙi, tunda turin farfela shi ne tuƙin. Akwai kuma wata jar igiya mai lanƙwasa da ake ɗaurawa a wuyan hannu, ɗaya bakin a jikin makashin inji. In matuƙi ya faɗa ruwa ta fizge, inji ya mutu. In babu ita, hannun tuƙi yakan karkace gefe, jirgi ya riƙa zagaye da farfela tana juyawa, ya dawo kan wanda ya faɗa. Na ga injina da dama da aka naɗe igiyar nan a jikinsu don kada ta dami matuƙi, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi.

Amfaninsa kuwa a fili yake. Masunci yana kai wa ga ruwan da filafili ba zai kai shi ya dawo a yini ɗaya ba, ya kuma iso da kifi kasuwa kafin rana ta taɓa shi. A tafkin Kainji da tafkin Chadi akwai ƙauyukan da kasuwa da asibiti da makaranta duk sai ta ruwa, ma'aikatan rigakafi ma da shi suke shiga. Da shi ake sintiri, da shi ake kwaso mutane daga rufin gidaje in ambaliya ta zo. Shi ne kuma, abin baƙin ciki, ake rataya wa jiragen roba da ke tashi daga gaɓar Libiya da mutane cunkushe, cikinsu har da yaran da suka bi ta iyakokinmu suka haura Agadas. Inji ɗaya, tankin da ba zai kai ba, da matuƙin da aka koya wa jan igiya a daren tafiya.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi damuna. Inji yana ƙara wa jirgi gudu, amma ko kilo ɗaya ba ya ƙara wa abin da jirgin zai iya ɗauka. Jirgi yana iyo ne gwargwadon ruwan da jikinsa ya ture: kowace lita ɗaya da ya ture tana ɗauke masa kilo ɗaya. Faɗinsa da zurfinsa suka yanke wannan tun ranar da kafinta ya gama shi. Hasali ma inji ragewa yake yi, domin mai doki 40 ya haura kilo 70, ga tanki, ga matuƙi, duk a gindi. Da an murɗa totur gindin ya ƙara nutsewa goshi ya ɗaga. Da an sake shi farat ɗaya, igiyar ruwan da jirgin ya tayar ta biyo shi ta baya ta haura ciki. Jirgin da saura ɗani ɗaya ruwa ya kai bakinsa, da filafili zai iya lallaɓawa ya haye ranar da babu iska. Da inji, shan kwana mai kaifi sau ɗaya ya isa. Kuma ruwa in ya shiga ciki ba ya zama wuri ɗaya, yana bin duk gefen da jirgi ya karkata ya ƙara masa nauyi a can, mutane su firgita su miƙe, shi ke nan.

Amma mai jirgi da ya ci bashi ya sayi inji, ga fetur da tsada, lissafinsa ɗaya ne: a ƙara kai a kowane sawu. Ƙarar injin kuma tana ba fasinja wani kwanciyar hankali na ƙarya, suna jin ƙarfi a ƙarƙashinsu. Mun ga abin da ya faru a yankin Ngaski na jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na madatsar Watari a Bagwai ta jihar Kano a ƙarshen Nuwamban shekarar, inda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Mauludi, da na Patigi a jihar Kwara a watan Yunin 2023, inda sama da mutum 100 masu dawowa daga biki suka rasu. Allah ya jiƙansu. Bagwai ita ta fi kama da mu, domin dam ne irin namu, a ƙasar tudu irin tamu, inda yawancin fasinja ba su iya iyo ba. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da lodin wuce kima, ta kuma wajabta rigar kariya. Sai dai a bakin dam na ƙauye, wanda ake jin maganarsa shi ne Sarkin Ruwa da mai gari. In su suka ce a ja layi da fenti a jikin kowane jirgi, in ruwa ya taɓa layin ba a ƙara kowa, za a bi.

Babban inji ma ba ya biyan kuɗinsa a irin jiragenmu. Jirgin katako mai nauyi ba hawa saman ruwa yake yi ba, tsaga shi yake yi, yana tura igiyar ruwa a gabansa. Akwai gudun da in ya kai, wanda tsawon jirgin ke ƙayyadewa, duk ƙarfin da aka ƙara igiyar kawai yake ƙara wa girma, jirgi ya zama kamar mai hawan tudun da shi ya tara. Daga nan mai ninkuwa yake yi, gudu kuwa ɗan kaɗan. Matuƙin da ya sassauta totur zuwa kashi biyu cikin uku zai isa bayan ɗan uwansa da 'yan mintuna, da sauran mai a tanki. A ganina, ga faɗin ruwa irin na Sabke ko Daberam, inji mai doki 8 zuwa 15 ya wadatar da masunci da mai fito, mutum ɗaya zai iya saɓa shi a kafaɗa. In da gwamnati ko ƙungiyar masunta za ta sayi babba guda, wurinsa shi ne jirgin ceto da ke ɗaure a gaɓa da mai a tanki, musamman ranakun kasuwa da na sallah da yara ke cika bakin ruwa.

Saura batun ɗanyen man nan da ke bin hayaƙi. A yawancin injinan, salansa a ƙarƙashin ruwa take, hayaƙi na fita ta tsakiyar farfela don rage ƙara. Ke nan duk abin da bai ƙone ba cikin ruwa yake zuba, shi ne shuɗin maiƙon da ake gani yana bin bayan jirgi. A kogin Kwara mai gudu abin yana bajewa. Dam kuwa ruwa ne a tsaye, kuma Ajiwa da Zobe daga cikinsu ake tace ruwan da ake sha, shanu na sha, ana ban ruwan tumatir da albasa. A Amurka, hukumar da ke kula da tafkin Tahoe ta hana irin waɗannan tsofaffin injina masu bugu biyu shiga cikinsa tun 1999 saboda wannan dalili. Jirgi biyu ko uku ba za su ɓata dam ba. Amma gara a yi maganar tun suna biyu ko uku, a karkata masu saye zuwa mai bugu huɗu, ko ma mai batir irin wanda aka fara da shi a Faris, wanda yanzu ya dawo kasuwa. Ƙarfinsa kaɗan ne, batirinsa da tsada, amma ga mai kewaya kalli a ruwa kwance, a garin da rana ba ta yankewa kuma faifan sola ya riga ya shiga gonaki, abin dubawa ne.

Injin ɗan uwana ya yi mako uku a jingine kafin a samo fankar daga Kano. Da aka buɗe ƙafar, an tarar gutsattsarin robar sun haura bututu, sai da aka bi su da waya aka zaƙulo ɗaya bayan ɗaya, domin ko guda aka bari zai toshe hanyar ruwa. Ranar gwaji na biyu bakaniken da kansa ya aika yara suka gangaro da durom, aka cika shi da jarka shida ta 'yan garuwa, aka tsoma ƙafar. Ya ja igiya, bai taɓa totur ba, ya durƙusa a gefen injin yana jira har siririn ruwan ya tsarto ya jiƙa masa gwiwa.